Araha Ba Ta Ado: Kira Ga Leburorinmu Na Ikko

Duk sa'ad da ma'aikata suka nemi ƙarin albashi, sai ka ji 'yan kwangila suna kuka, wai kuɗin ƙwadago shi ke sa ayyukan gwamnati tsada. Jama'a, wannan magana tana bukatar a duba ta da idon basira, domin kuwa ta shafi dubban 'yan'uwanmu da ke fita da asuba daga Agege da Idi-Araba da Obalende neman aikin gini.

Mu tuna da shekarar 1975. A shekarar ne aka biya ƙarin albashin Udoji, aka yi ta ɗora wa ma'aikata laifin tsadar kaya. Amma kuma a wannan shekara ce jiragen ruwa ɗaruruwa maƙare da siminti suka yi cirko-cirko a gaɓar Ikko wata da watanni, gwamnati tana biyan tarar jira, siminti yana daskarewa a cikin jirgi. Shin lebura ne ya yi odar wannan siminti? Abin da ke cinye kuɗin aikin gwamnati shi ne aringizon kwangila da kashi-mu-raba da aikin da aka fara aka watsar. Ladan mai ɗaurin rodi bai taka kara ya karya ba.

To, amma akwai gyara a wajenmu. In ka je wurin babban gini, za ka tarar yawancin yaranmu kwanon kankare suke ɗauka, ko haƙa rami, ko gadi. Aikin yini ne, in an yi ruwa babu ko kwabo. Mai ɗaurin rodi kuwa, wanda ya san kaurin ƙarfe, ya iya yanka da lanƙwasa bisa zanen injiniya, shi ake nema, shi ke faɗin farashinsa. Gadar Pen Cinema da aka buɗe a nan Agege a 2021, da doguwar gadar nan ta uku da aka gama a 1990, duk ƙarfe ne ƙashin bayansu.

Hanyar koyo kuwa a buɗe take. Tun 1971 aka kafa Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, mai hedkwata a Jos. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin jarrabawar gwajin sana'a mataki uku, wanda ya ci a ba shi takardar shaida. Da wannan takarda ake shiga manyan kamfanoni, inda ƙungiyar ma'aikatan gine-gine take da bakin magana.

Kada a raina ƙungiya. Yajin aikin gama-gari na watan Mayun 1981, ƙarƙashin Hassan Sunmonu, shi ya haifar da mafi ƙarancin albashi na Naira 125. A 2024 an mai da shi Naira 70,000. Sai dai doka ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma kare mai aikin jinga. Ashe ke nan wanda ya tsaya shi kaɗai a bakin titi da shebur bai ci ribar wannan gwagwarmaya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gwamnati ita ma ta sani araha ba ta ado. Rodin da aka ɗaure ba daidai ba, kankare ke rufe shi, ba a gane ɓarnar sai ranar da gini ya zube. Kuma in ya zube, ma'aikaci ke fara mutuwa, kamar yadda aka gani a benen nan mai hawa 21 na Ikoyi a watan Nuwamban 2021, inda fiye da mutum 40 suka rasu. Saboda haka ya kamata a sa wa kowane ɗan kwangilar gwamnati sharaɗin ɗaukar 'yan koyo, ya biya su, ya kai su jarrabawa.

Muna kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin unguwanni su tattara sunayen samari, su nema musu gurbin koyo wajen ƙwararru. Yaron da ya jure shekara biyu ko uku yana koyo ya fi wanda ya shekara ashirin da kwano a ka. Allah ya sa mu gane, amin.