Yawon Shaƙatawa a Jirgin Ruwa: Ina Namu Jirgin?

Masu iya magana kan ce tafiya mabuɗin ilimi. To amma akwai wata irin tafiya da ta zama ruwan dare a ƙasashen Turai da Amurka, wadda mai yin ta ba fatauci ya fita ba, ba kuma ziyarar dangi ba. Mutum kan biya kuɗi ya shiga ƙaton jirgin ruwa, ya yi mako guda ko biyu ana zagayawa da shi daga wannan tashar teku zuwa waccan, daga ƙarshe a dawo da shi inda aka ɗauke shi. Ƙungiyar kamfanonin wannan sana'a ta duniya ta ce a shekarar 2023 kaɗai, mutum miliyan 31.7 ne suka yi irin wannan tafiya. Mai karatu zai iya cewa, to mu mutanen Godogodo da Kafanchan da ke da nisan ɗaruruwan kilomitoci daga teku, ina ruwan biri da gada? Amsar wannan tambaya ita ce maƙasudin wannan ɗan rubutu.

Bari mu fara da shi kansa jirgin. A watan Janairun 2024 kamfanin Royal Caribbean ya fara ɗibar fasinja daga birnin Miyami na Amurka a wani jirgi mai suna Icon of the Seas. Tsawonsa ya kai mita 365, wato ya fi filin ƙwallo uku a jere, yana da hawa 20, kuma yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata fiye da 2,000. A cikinsa akwai ɗakunan kwana da wuraren cin abinci da kantuna da asibiti da wuraren wanka da wasannin yara. A taƙaice dai, gari ne guda yake yawo a kan ruwa. Hatta ƙasar Saudiyya ba a bar ta a baya ba, domin a watan Disambar 2024 ta ƙaddamar da nata jirgin mai suna Aroya daga Jidda, wanda ke zagaya Bahar Maliya, kuma babu giya babu caca a cikinsa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ra'ayin waɗanda suka mayar da wannan tafiya jiki, masu komawa shekara bayan shekara, waɗanda da yawansu dattawa ne da suka ajiye aiki. Idan aka tattara abin da suke yabawa, za a ga bai wuce abu huɗu ba. Na farko, sau ɗaya mutum zai kwance kayansa, ya kwana a gado ɗaya amma kullum ya wayi gari a sabon wuri. Na biyu, ya san abin da zai kashe tun kafin ya bar gida, saboda kuɗin ɗaki da na abinci a haɗe suke. Na uku, hankalinsa a kwance yake, babu fargabar ɓata hanya ko faɗawa hannun ɓata-gari. Na huɗu kuwa shi ne zumunci, domin mutanen da suka yi kwana bakwai suna cin abinci a teburi ɗaya ba su rabuwa a matsayin baƙi. Abin lura a nan shi ne, a cikin waɗannan abubuwa huɗu babu ko ɗaya da sai da teku ake samun sa.

Su dai waɗannan fasinjoji ba yabo kaɗai suke yi ba. Suna kukan cunkoso da dogon layi wajen sauka da hawa, da ƙananan kuɗaɗe da ake yi ta tatsa bayan an biya babban, irin su na intanet da na tukuicin ma'aikata, da kuma ƙarancin lokacin da ake ba su a kowane gari, ta yadda mutum zai ce ya je wuri alhali hangen Dala kawai ya yi. Haka kuma harkar ba ta rasa haɗari. A ranar 13 ga Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar Italiya, mutum 32 suka rasa rayukansu. A watan Fabrairun 2020 aka killace jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan da mutum 3,711 a ciki, fiye da 700 daga cikinsu suka kamu da cutar korona. Su ma garuruwan da ake yada zango suna da nasu ƙorafin, wato baƙi su sauka dubu-dubu, su cika titi, su koma jirgi su ci abinci, ɗan gari bai ga komai ba sai shara. A shekarar 2021 gwamnatin Italiya ta hana manyan jiragen nan ratsa tsakiyar birnin Benis.

To, ina mu a cikin wannan lissafi? Gaskiya ɗaya ce, wannan tafiya ta fi ƙarfin talakan Nijeriya. Ɗaki mafi araha na mako guda ɗaruruwan daloli ne, ban da kuɗin jirgin sama da wahalar neman biza, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi bai wuce naira 70,000 ba bisa dokar 2024. Amma waɗancan abubuwa huɗu ba baƙi ba ne a wurinmu, iyayenmu da kakanninmu sun ɗanɗana su. Bahaushe dai da kalma ɗaya yake kiran na ruwa da na ƙasa da na sama, duk jirgi ne, kuma a wannan yanki namu idan aka ce jirgi, kowa ya san na dogo ake nufi.

Garin Kafanchan kansa dogo ne ya raya shi. A shekarar 1927 aka kammala haɗa layin da ya taso daga Fatakwal, ya biyo ta Inugu da Makurɗi da Lafiya, da layin Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos, sai Kafanchan ta zama mahaɗa. Daga baya aka ja layin daga Kuru ya bi ta Bauchi da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964. Wannan dogo ne ya riƙa kwasar kuzar da aka haƙo a ƙasar Jos da garuruwa irin su Godogodo, shi ne kuma ya kawo Bakano da Bakatsine da Ibo da Bayarabe suka zauna tare da 'yan ƙasa. Har da teku ma ya haɗa mu, domin a zamanin da jirgin ruwan Aureol na kamfanin Elder Dempster ke jigila tsakanin Ingila da Ikko, daga 1951 zuwa 1974, fasinjan Arewa a jirgin ƙasa yake gangarawa ya tarye shi.

Duk wanda ya zauna da tsofaffin fasinjoji ko tsofaffin ma'aikatan reluwe a Kafanchan ya san irin labarin da suke bayarwa. Akwai taragon kwana mai gado ga mai hali, akwai taragon cin abinci, akwai kuma gama-gari inda falke da ɗan makaranta da soja mai tafiya hutu ke raba guzuri. A kowace tasha 'yan talla ne ke rufe tagogi da dafaffen ƙwai da rake da gyaɗa da ayaba. Suna faɗin laifinsa ma, cewa yakan yi latti na sa'o'i, wani lokaci har kwana. Amma da wuya ka ji wanda ya ce ya shiga jirgi da fargabar ba zai isa gida ba. Yau ciyawa ta cinye dogo a wurare da dama, tashar da a da ba ta barci ta yi tsit, matafiyi kuwa ya koma kan titi yana fama da ramuka da shingayen bincike.

Ra'ayina shi ne, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Maimakon mu zauna muna kallon jiragen Miyami a waya muna haɗiyar yawu, kamata ya yi mu nemi a tayar da namu. Kada wani ya ce dogonmu ƙarami ne, tsohon yayi. Faɗinsa milimita 1,067 ne, daidai da na Afirka ta Kudu, inda kamfanin Rovos Rail ke gudanar da jirgin ƙasa na shaƙatawa tun 1989, masu kuɗin duniya na rububin shiga. Abin kallo kuwa ba mu rasa ba. Jirgin da ya taso daga Kaduna ya bi ta Zonkwa ya kwana a Kafanchan, fasinja za su ga matsirgar ruwa ta Matsirga, a kai su ƙasar Nok inda aka tono gumakan yumɓu da suka haura shekara 2,000, su sayi citta daga hannun manomanta. Washegari ya bi ta gindin duwatsun Kagoro, inda ake bikin Afan a ranar 1 ga Janairun kowace shekara, ya wuce Manchok ya hau tsaunin Filato har Jos. Ɗalibai da ma'aikata da iyalai za su iya biyan wannan da naira, babu biza babu canjin dala.

Na san za a ce da wane tsaro? Wannan tambaya tana kan hanya. Mutanen Godogodo ba su manta da hare-haren 2016 ba, haka kuma ƙasa ba ta manta da harin 28 ga Maris 2022 a kan jirgin Abuja zuwa Kaduna ba. Babu mai fita shaƙatawa da ransa a hannu, don haka tsaro shi ne sharaɗi na farko. Sai dai mu tuna cewa tashar da babu kowa da dajin da babu mai ratsawa su ne mafakar ɓarayi, kuma saurayin da ke samun na abinci daga baƙi shi ne zai fara kare hanyar da suke biyowa. Za a kuma ce ina kuɗin? A watan Maris na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri mai tsawon kilomita 1,443, a 2024 aka buɗe ɓangaren Fatakwal zuwa Aba. Bugu da ƙari, gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon shiga harkar jirgin ƙasa, saboda haka gwamnatocin Kaduna da Filato ba su da sauran uzurin cewa aikin na tarayya ne kaɗai.

Idan Allah ya sa hakan ta tabbata, to mu ɗauki darasi daga kukan mutanen Benis. A tsara tafiyar yadda baƙo zai ci abincin gari, ya kwana a masaukin gari, ɗan gari ya yi masa jagora, a kuma haɗa da motocin da za su kai shi garuruwan da dogo bai ratsa ba, irin su Gidan Waya da Godogodo da Kwoi.

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana ɗaliban Hausa, musamman masu neman batun kundin kammala digiri. Tsofaffin direbobin jirgi da masu duba tikiti da matan da suka yi talla a tasha suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, tare da kalmominsu da waƙoƙinsu da labaransu. Mu je mu naɗi muryoyinsu tun suna raye, mu kuma riƙa tambayar wakilanmu a majalisa, yaushe aikin dogo zai iso Kafanchan? Allah ya ba mu zaman lafiya, ya kuma nuna mana ranar da za mu sake jin kukan jirgi a tasharmu, amin.