Masu Son Ƙauye A Fatar Baki

Babu wanda ya kai ɗan ƙauyen da ya samu wuri a birni iya yabon ƙauye. Ka leƙa Facebook ranar da aka yi ruwan farko, za ka ga ma'aikatan Abuja da 'yan kasuwar Kantin Kwari suna ta kewar ƙamshin ƙasa, da furar gero mai nonon Fulani, da hirar dandali a farin wata. Kowa garinsu ya fi na kowa albarka. Amma ka tambayi mai wannan rubutu yaushe rabonsa da ya kwana uku a jere a garin, ko malamai nawa ne a firamaren da ya yi, sai ka ji ya fara kame-kame.

Da irin wannan mutum nake magana, kuma zargina a kansa mai sauƙi ne: yana cin moriyar ƙauye har gobe, abin da yake mayarwa kuwa bai taka kara ya karya ba.

Mu fara da abin da yake kwasa. Duk kaka ana loda masa buhun gero da wake a mota daga gonar gado wadda ƙaninsa ya nome da guminsa, ya karɓa a matsayin haƙƙinsa, alhali ko kuɗin buhun taki ɗaya bai aika ba. Idan uwargida tana neman mai wanke-wanke, ƙauye ake aikawa a kawo yarinya 'yar shekara goma. 'Ya'yan gidan su tafi makarantar kuɗi da safe, ita ta tsaya da tsintsiya, duk da cewa dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta. Idan ɗansa ya tashi neman gurbin jami'a ko aikin gwamnatin tarayya, sai a tuna da ƙaramar hukumar kakanni, a je a karɓo takardar shaidar ɗan asali. Yaron da bai san hanyar garin ba shi zai cinye gurbin da aka ware domin yankin, ɗan manomin da ya yi karatu zaune a ƙasa ya koma gona. Idan dukiya ta taru, a dawo neman rawani. Idan siyasa ta zo, a dawo neman ƙuri'a da atamfa da taliya.

To me yake mayarwa? Abu biyu. Na farko katafaren gida mai doguwar katanga a bakin gari, wanda ake buɗewa kwana uku da Sallah, sauran shekara ƙadangaru da jemagu su gaje shi. Maƙwabtansa kuwa suna ɗibar ruwa a kududdufi, ga tankinsa can sama a kulle. Na biyu gawarsa, domin ya bar wasiyya a binne shi kusa da mahaifinsa. Garin da bai ishe shi zama ba ya ishe shi kwanciya.

Kakanninmu ma sun yi zaman birni, sai dai sun san ma'auninsa. Ɗan cin rani yakan bar gida bayan an kai amfanin gona rumbu, ya yi ga-ruwa ko dako ko yankan farce a Kano, wani har Ikko ko Kumasi, kafin ruwa ya sauka ya dawo da kuɗin iri da tufafin iyali. Birni wurin nema ne a gare shi, abin da ya samo kuma gida yake zuwa. A yau akalar ta juya. Hatsin da ake hada-hadarsa a Dawanau da shanun da ake lodawa daga Maigatari duk daga karkara suka fito, ribar kuma a birni take kwana. Wanda ya kamata ya zama gada tsakanin wuraren biyu ya zama bututun da ke zuƙa ta gefe ɗaya.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba zan raina ta ba. Za a ce hanya babu tsaro. Gaskiya ne, akwai garuruwa a Zamfara da Katsina da Sakkwato da zuwa cikinsu kasada ce da rai, kuma babu mai hankalin da zai ce wa mutum ya kai kansa hannun masu garkuwa. Za a ce tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya sa zuwa gida da iyali ya zama aiki. Wannan ma haka ne. Za a kuma ce duk wanda ya je, dangi sukan yi masa caa da buƙatu har ya dawo aljihu wayam.

Sai dai waɗannan dalilai suna yanke uzurin ƙafa ne kawai. Mahaifiyarka da ka bari a can, a cikin wannan rashin tsaron take kwana, kuma da wannan tsadar take zuwa asibiti. Idan hanya ta hana ka zuwa, me ya hana ka magana? Kai ne ka san ofis, ka san ɗan jarida, ka iya rubuta takardar koke. Sannan mafi yawan masu fakewa da tsaro, garuruwansu lafiya lau suke, tafiyar awa biyu daga Kano ko Zariya. Batun yawan roƙo kuwa, mutumin da ake gani sau ɗaya a shekara dole a tara masa buƙatun shekara guda. Wanda ya saya wa ƙaninsa injin ban-ruwa ko keken ɗinki ya rage masu jiran sa a zaure.

Akwai abin da ya fi rowa muni, wato son ƙauye ya tsaya yadda yake domin ɗan birni ya samu abin kewa. Za ka ji shi yana ƙorafi wai yaran ƙauye sun lalace da waya, wai an daina daka a turmi an koma inji, wai rufin kwano ya kori soro. Shi kuwa gidansa da firji da injin markaɗe. Matar da ke surfe tun asuba ba ta ɗauki taɓarya kayan tarihi ba, bayanta ke ciwo. Wahalar wani ba ta zama al'ada don kawai ta yi kyau a hoto.

Ban ce kowa ya tattara ya koma gona ba. Birni na da asibiti da makaranta da kasuwa, kuma neman halal ba laifi ba ne. Abin da nake nema shi ne a biya bashi. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Hukunci irin wannan ba ya aiki sai da masu bibiya, kuma 'yan bokon gari su ne suka iya karanta kasafin kuɗi su tambayi ciyaman inda kuɗin rijiya ya shiga. Ƙungiyar ci-gaban garinku ta wuce zauren WhatsApp na sanar da rasuwa da ɗaurin aure. Mutum ashirin masu albashi za su iya ɗaukar nauyin malamin lissafi ɗaya ko gyaran famfon tuƙa-tuƙa. Gidan da ka kulle, ba wa ma'aikaciyar jinyar da aka turo garin ta zauna. Yarinyar da ke aiki a gidanka, sa ta makaranta tare da 'ya'yanka. Gonar gado, ko ka zuba mata jari ko ka sakar wa mai noma ta amfaninta. Idan hanya lafiya, kai yaranka su yi hutun damina a can, su san sunan gwaggonsu, su riƙe fartanya.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, sun kuma ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mutanen garinku suna gani, kuma suna lissafi. Sun san wanda ke ɗaga waya idan damina ta rushe ajin makaranta, sun san wanda sai Sallah ake jin ƙarar motarsa.