Ba kowane ciwon mai sikila ne rikicin sikila ba

A Tasawa da Mayahi, idan mai amosanin jini ya yi kukan ciwon ƙafa ko ƙirji, nan take 'yan uwa kan ce "ciwon nan ne ya tashi", a ba shi maganin rage zafi, ya kwanta. Wannan sabo yana iya cin rai, domin wani lokaci gudan jini ne ya daskare a jijiyar ƙafa. In ya ɓalle ya toshe hanyar jinin huhu, mutum kan mutu farat ɗaya.

Jinin mai sikila ya fi saurin daskarewa, saboda lanƙwasassun ƙwayoyinsa suna raunata bangon jijiya. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna fiye da mutum ɗaya cikin goma na masu cutar kan gamu da wannan matsala kafin shekara 40.

Abubuwan da ke ƙara haɗarin kuwa a ƙofar gida suke: zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 ya ƙafar da ruwan jiki, doguwar kwanciya a asibiti, tiyata, juna biyu, da makonni shida na farkon jego. Haka ma ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin istirojin, da zaman mota na yini guda ba motsi, irin wanda 'yan ci-rani ke yi zuwa Agadas ko Yamai.

Alamun ba ɓoyayyu ba ne: ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, numfashi ya sarƙe kwatsam, ko tari da jini. Wanda ya ga haka, asibiti ya nufa a ranar, kada a tsaya tausa.

Sai dai zuwa asibitin bai wadatar ba in babu kayan aiki. Cibiyar ƙasa ta masu sikila tana Yamai, fiye da kilomita 600 daga Maraɗi. Ya kamata asibitocin gundumar Tasawa da Mayahi su samu na'urar hoton jijiya da allurar Heparin, a kuma horar da ma'aikatansu. Ƙungiyoyin 'yan asalin yankin da ke ƙetare suna iya haɗa kuɗin na'ura ɗaya. Wannan ya fi jawaban ranar 19 ga Yuni amfani ga majinyaci.