Cire Google Daga Waya Ba Laya Ba Ne

Wata magana ta yaɗu a bakin masu son fasaha: wai duk wanda ya goge Android ɗin da ya zo da wayarsa, ya ɗora wata babbar manhaja wadda babu Google a cikinta, to ya sayi sirri. Rabin gaskiya ce, kuma rabin da suka haɗiye shi ne mai cutarwa.

Ba mu musanta cewa ana leƙen mu ba. A shekarar 2021, Farfesa Douglas Leith na Kwalejin Trinity da ke Dublin, da abokan aikinsa na Jami'ar Edinburgh, sun bi sawun bayanan da wayoyin Samsung, Xiaomi, Huawei da Realme ke aikawa ko da suna ajiye. Sun tarar suna kwarara bayanai zuwa ga maƙeransu da kuma Google. Manhajar /e/OS, wadda Bafaranshe Gaël Duval ya assasa, ita ce ta kame bakinta kusan gaba ɗaya. Wannan yabo nata ne, ba mai ƙwace mata.

Sai dai, ya kai mai karatu, toshe idon mai leƙe daban, hana ɓarawo shiga daban. Ɗauki LineageOS, magajiyar CyanogenMod da ta rushe a ƙarshen 2016. Tana raya tsofaffin wayoyi masu yawa, kuma wannan alheri ne ga mai ƙaramin ƙarfi. Amma kafin a ɗora ta sai an buɗe makullin da ke tantance manhajar da za ta tashi idan an kunna waya, kuma a mafi yawan wayoyi haka zai zauna a buɗe. Wanda wayar ta kwana a hannunsa, a shagon gyara ko a wani shingen bincike, yana iya cusa gurɓatacciyar manhaja da za ta ɗauke lambar sirrinka ranar da ka sake shigar da ita. /e/OS kuwa a kan LineageOS aka gina ta, ta gaji wannan rauni a galibin wayoyi, kuma an sha kuka da jinkirin gyare-gyarenta na tsaro. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

GrapheneOS ce ta ɗauki lamarin da gaske. Tana mayar da makullin, wayar na tantance kanta duk lokacin da aka kunna ta, kuma wanda ke buƙatar manhajojin Google yana iya saka su a keɓe, ba tare da wata alfarma ba, tamkar baƙo a zaure. Masu ba'a na cewa ai wayoyin Pixel na Google kaɗai take hawa, wane irin gudun Google ne wannan? Ba'ar banza ce. Pixel na yarda a sake kulle ta da mabuɗin wata manhajar, kuma tun daga Pixel 8 ta 2023 an yi alkawarin gyaran tsaro na shekara 7. Ubuntu Touch, wadda Canonical ya yi watsi da ita a 2017 ƴan sa-kai suka riƙe, da Sailfish ta kamfanin Jolla, ba su isa a daɗe a kansu ba: wayoyin da suke hawa kaɗan ne.

Ainihin ƙorafin da ya kamata a yi shi ne: wa ke riƙe da Pixel a cikinmu? Daga Yamai zuwa Kumasi da Garwa, Tecno da itel da Infinix ne a aljihun jama'a. A 2020 an gano muguwar manhajar Triada a cikin dubban wayoyin Tecno W2 tun daga kwali, ciki har da waɗanda ke Gana da Kamaru. Kamfanin ya ce a hannun wani dillali aka cusa ta. Masu irin waɗannan wayoyi sun fi kowa buƙatar mafita, amma GrapheneOS ba ta hawa ko ɗaya daga cikinsu. Wanda aka zuga ya kori Google, a ƙarshe wurin mai gyara zai je, a sauko masa da wata manhaja daga shafin da ba a san mai shi ba.

Kuma ko da GrapheneOS ce a hannunka, muddin akwai layi a wayar, kamfanin sadarwa ya san turken da kake kusa da shi, layin kuma da sunanka aka yi masa rajista. Idan ka saka WhatsApp, Meta ba ya karanta saƙonka, amma lambarka da lokutan da kake hawa suna wurinsa.