Wa Ke Ƙirga Ƙuri'ar Wudil?

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Wudil ran Juma'a ya san mutanen garin nan ba bakinsu ɗaya ba. Ka zauna a kara wajen dillalan shanu, ka ji ana yabon wata jam'iyya. Ka gangara bakin kogi wajen masu kifi, ka ji ana tsine mata. A rumfa ɗaya ma sai ka tarar da wa da ƙane, wannan da jar hula, wancan ya rantse ba za ta hau kansa ba. Haka ƙaramin gari ya ke. Mutum ya kan bi ubangidansa na kasuwa, ko malaminsa, ko surukinsa, ko wanda ya ranta masa kuɗin taki da damina, kuma waɗannan ba su taɓa haɗuwa a inuwa ɗaya ba.

To, jama'a, ga abin al'ajabi. A 2014 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Jihar Kano, Gwamna yana APC, sai APC ta cinye duka 44. A 2018 da 2021 aka maimaita, har da kujerun kansiloli 484, ba a bar ko ɗaya ba. A watan Oktoba na 2024 gwamnati tana hannun NNPP, sai NNPP ta kwashe su kaf. Watau a kowane karo Wudil da Darki da Utai da Lajawa sun kwana sun tashi da ra'ayin Gwamna, ba ko mazaɓa ɗaya da ta saɓa!

Wa za a gaya wa wannan? A zaɓen Gwamna na 2019, wanda hukumar zaɓe ta ƙasa ta ƙirga, an jefa ƙuri'a fiye da miliyan 2, tazarar kuwa ba ta kai 9,000 ba. A na 2023 NNPP ta sami 1,019,602, APC ta sami 890,705. Ƙasar da ta rabu haka, ina rabin mutanenta su ke shiga ran zaɓen kansila? Ƙasa ce ta ke haɗiye su?

Amsar ba ta da wuya. Zaɓen ƙaramar hukuma ba hukumar ƙasa ke yinsa ba, hukumar jiha ce, Gwamna kuwa shi ke naɗa mutanenta. Sa'an nan ga kuɗin takarda. A 2024 da farko an yanka wa mai neman shugabanci naira miliyan 10, mai neman kansila miliyan 5. Mai tireda ko mahauci, ina zai samo su? Sai dai wani babba ya biya masa, wanda ya biya kuwa shi ke da kansila.

Tsofaffinmu sun san irin wannan dabara. A zaɓen 1951 'yan NEPU sun yi rinjaye a matakin farko cikin birnin Kano, amma da ya ke zaɓen hawa-hawa ne, aka ba En'e ikon cusa nata mutane a matakin ƙarshe, har aka tashi ba ɗan NEPU ko ɗaya da ya shiga Majalisar Kaduna. Talakawa ba su ce sun haƙura ba. Sun sha ɗauri da bulala, suka ci gaba, har 1979 PRP ta ci Kano, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali.

A nan tilas mu faɗi namu laifi, ko da ba zai yi daɗi ba. A 2021 da 2024 manyan 'yan hamayya sun ƙaurace wa zaɓen, suka ce ba za su shiga wasan da an riga an gama ba. Mun ji dalilinsu, amma ba mu yarda da shi ba. Wanda ya zauna gida ya hutar da mai maguɗi, ko wahalar sata bai sha ba. Akwai kuma masu sayar da ƙuri'a a kan sabulu da taliya da turmin atamfa. Taliya kwana biyu ta ke yi, kansila kuwa shekara uku.

Wani zai ce, mene ne abin damuwa da kujerar kansila? 'Yan kasuwa, ku ne ya kamata ku fi kowa damuwa. Tsarin mulkin ƙasa ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwa da tashar mota da mayanka da makewayi. Ita ke karɓar kuɗin rumfa da na tikiti a hannunku. Kuma ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma haram ne a naɗa musu kantomomi maimakon zaɓaɓɓu. Amma ina amfanin wannan in Gwamna ne zai zaɓi mai riƙe da jakar?

Abin da mu ke kira gare shi ga shi. Mazaɓa ba ta da girman da za a ɓata a cikinta. Kun san juna gida-gida, kun san wanda ya fito da wanda bai fito ba. Ƙungiyoyin kasuwa, mahauta da 'yan hatsi da direbobi da mata masu sana'a a cikin gida, su haɗa kai tun yanzu su fid da mutum ɗaya nasu, su yi masa karo-karon kuɗin takarda don kada wani ya saye shi. Ran zaɓe kowace rumfa a sa wakili wanda ya iya karatu, kada ya tashi sai an ƙirga a gabansa, ya sa hannu, ya karɓi kwafinsa. In ma ba a kawo kayan zaɓe ba, a rubuta sunan rumfar da lokacin, a sami shaidu, a aiko mana mu buga.