Gobara: a binciki toka kafin a nuna mutum da yatsa

Duk ɗan kasuwar da ya manyanta a Yamai yana tune da shekarar 1982, lokacin da wuta ta cinye babbar kasuwa, aka yi jiran sabon gini har 1987. A cikin watan Janairu na 2012 kuma gobara ta lashe ginin ma'aikatar shari'a tare da takardu masu yawa, a watan Afrilu na wannan shekara ƙaramar kasuwa ta bi baya. Ko a Yamai, ko a Maraɗi, ko a Damagaram, idan irin wannan masifa ta auku, tun hayaƙi bai kwanta ba magana takan rabu biyu. Wasu su ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Wasu su ce da hannun mutum, har su ambaci suna. Amma alƙali ba ya hukunci da ko ɗaya daga cikin maganganun nan. Abin da yake nema shi ne shaida, shaidar gobara kuwa mafi yawanta tana cikin tokar da kowa yake gaggawar sharewa.

Masu binciken gobara suna da tsari na hawa uku, kuma ba a tsallake hawa. Da farko a gano inda wuta ta tashi, sa'an nan a gano abin da ya tashe ta, daga bisani a nemi mai hannu, in akwai shi. Domin gano mafari, jandarma ko ɗan sanda yakan tambayi maigadi da waɗanda suka fara ganin hayaƙi, da ƴan kwana-kwana da suka fara isowa, a rubuta maganarsu tun ba ta gauraya da ta gari ba. Sai a ɗauki hoton wurin, a bi sawun wuta a bango, domin takan hau sama tana faɗaɗa, ƙasan sawun kuma yakan nuna wajen da ta fito. A kwashe toka sannu a hankali, bisa-bisa, a duba wayoyin kuran da murhu da kwalbar gas. Abin da aka ɗiba domin awo sai an rufe shi cikin gwangwani mai murfi, saboda esansi yana bin iska, in an yi jinkiri ba a tarar da kome.

Akwai alamun da suke sa mai bincike ya tsaya: wuta ta tashi a wurare biyu ko uku da ba su haɗe ba, ko an tarar da kwaɗo a karye, ko an kwashe kaya masu tsada kafin daren gobara, ko kuwa ɗakin ajiyar takardun kuɗi ne ya ƙone ana gab da zuwan masu binciken lissafi. Duk da haka, alama tana buɗe tambaya ne kawai. Warin esansi a rumfar da ke maƙwabtaka da mai sayar da ruwa-ruwa ba ya tabbatar da laifi. Haka ma dunƙulen tagulla da ya narke a bakin waya: yana iya zama wayar ce ta haddasa wuta, yana iya zama wutar ce ta iske wayar da kuran a cikinta.

Abin da gaggawa take jawowa ya bayyana a wata shari'a ta ƙasar Amurka. Ran 23 ga Disamba 1991, gobara ta tashi a gidan wani mutum mai suna Cameron Todd Willingham a garin Corsicana na jihar Texas, ƴaƴansa mata uku ƙanana suka rasu. Masu bincike suka ga tabo a daɓe mai kama da inda aka zuba ruwa, suka ga gilashin taga ya yi tsaga-tsaga, suka ce an kwarara mai ne aka kunna. Aka yanke masa hukuncin kisa a 1992, aka zartar ran 17 ga Fabrairu 2004. Gab da zartarwar, wani masanin wuta, Gerald Hurst, ya rubuta cewa alamun nan ba su da tushe a ilimi, amma ba a dakatar ba. Masana sun nuna cewa idan ɗaki ya cika da hayaƙi mai zafi, har zafin ya kai wajen digiri 600, duk abin da ke ciki yakan kama a lokaci guda, daɓe ya yi irin wannan tabo ko ba a zuba masa kome ba. Tsagewar gilashi kuwa takan faru ne idan ruwan kashe gobara ya taɓa shi da zafinsa. A 2009 wani masani, Craig Beyler, ya sake duba shaidun bisa roƙon hukumar jihar, ya ce babu hujjar da za ta tabbatar da cewa sa wutar aka yi. A lokacin mutumin ya shekara biyar a kabari.

Ke nan kuskure iri biyu ne ke jiran kowace gobara. In an share wuri da safe aka ce ƙaddara, mai laifi ya tsira, kuma wayar da ta lalace za ta sake cin wata rumfa. In an bi jita-jita, a ɗora wa maigadi ko abokin gaba abin da bai aikata ba. Hausawa kuwa sun ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya.

Ɗan kasuwar da ya yi asara yana da uzuri in ya ƙosa ya tone abin da ya saura ya sake kafa rumfa, domin iyali suna jiran cefane. Amma kwana ɗaya ko biyu da aka killace wuri, har mai shigar da ƙara na gwamnati ya aiko masu dubawa, shi ne kaɗai zai ba shi damar sanin wanda zai bi haƙƙinsa. Ya kamata kuma littafin bashi da rasiɗai su kwana a gida, ba a cikin shago ba. Ma'aikacin gwamnati shi ma ya ajiye kwafin muhimman takardu a wani gini dabam, domin ofishin da aka san takardunsa suna da na biyu ba ya ba ɓarawo sha'awar ashana.

Ragowar nauyi yana kan hukuma. Duk binciken da aka ce an buɗe, a fito a gaya wa jama'a abin da aka gano, ko da sakamakon shi ne ba a iya tantance dalili ba, domin wannan ma amsa ce da masana suka yarda da ita. Shirun hukuma ne yake ciyar da jita-jita. Allah ya kare dukiyar bayinsa, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri.