Hayaƙin man fetur: wa ke riƙe da tiyar awo?

A kasuwar Dole ta Damagaram ko a babbar kasuwar Maraɗi, babu mai sayen hatsin da zai juya baya sa'ad da ake awo. Idonsa na kan tiya har a zuba ta ƙarshe cikin buhu, ba don ya ɗauki ma'auni ɓarawo ba, sai don ciniki ya fi tsarki in an yi shi gaban mai shi. To, akwai wani awo da ya shafi numfashin kowa, wanda har yanzu talaka bai saba sa masa ido ba, watau awon hayaƙi da iskar da ke fita daga rijiyoyin man fetur da matatunsa.

Kamar yadda aka sani, Nijar ta shiga sahun ƙasashe masu haƙo mai a ƙarshen shekara ta 2011, lokacin da aka buɗe matatar SORAZ a arewacin birnin Damagaram, wadda aka gina domin tace ganga 20.000 kowace rana. Ɗanyen man yana zuwa mata daga Agadem, cikin jihar Difa, ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 460. A shekara ta 2024 kuma aka fara fitar da mai zuwa ƙasashen waje ta wani bututun mai kusan kilomita 2000 da ya ƙare a gaɓar teku, a Seme ta ƙasar Benin. Ganga ana lissafinta ɗaya bayan ɗaya, tun da ita ce kuɗi. Abin da ya tashi sama shi ne ke da wuyar lissafi.

Duk inda ake haƙo mai a duniya, gaz na biyo shi daga ƙarƙashin ƙasa. In babu hanyar tara shi, sai a kunna masa wuta a bakin wani dogon bututu, ya yi ta ci dare da rana. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a shekara ta 2023 an ƙone gaz wajen mita kubik miliyar 148 ta wannan hanya. Akwai kuma wanda ke tsiyaya bai ƙone ba, mafi yawansa iskar metan ce, wadda ba ta da launi balle wari, amma cikin shekara ashirin tana riƙe zafin rana fiye da iskar karbon har ninki 80. Tare da ita akan samu benzen, mai iya haddasa sankarar jini, da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda in ta yi yawa takan kashe jin wari, mutum ya zaci ta wuce alhali tana nan. Ke nan hanci ba ma'auni ba ne.

Shekara da shekaru, lissafin wannan gurɓata a kan takarda ake yin sa. Injiniya ya ƙirga famfuna da tankuna da mahaɗan bututu, ya ninka da abin da littafi ya ce kowane yana zubarwa, sai a rubuta jimilla a kai wa hukuma. Kamar a ƙirga buhuna ne a ce ga yawan hatsi, ba a duba wanda ɓera ya huda ba. A shekara ta 2018 wasu masana a Amurka suka bayyana sakamakon awon da aka yi a filayen mai, ta ƙasa da kuma ta jiragen sama, suka tarar metan da ke fita ya ɗara lissafin hukumar kare muhalli ta ƙasar da wajen kashi 60 cikin ɗari. Babban dalili shi ne ɓarnar da takarda ba ta gani: murfin tanki da aka bari a buɗe, ko na'urar da ta lalace ba a lura ba. Wani bincike na 2022 ya nuna wutar da ake zaton tana cinye kashi 98 na gaz, kashi 91 kawai take ci, saboda wata ta mutu, wata kuma ba ta kamawa sosai. In haka ta faru a ƙasar da ke da kayan aiki, ina ga wadda ba ta da su?

Yau dai gani ya kori ji. Akwai kamara ta musamman da ke nuna metan kamar baƙin hayaƙi, akwai kuma taurarin ɗan Adam. Na'urar VIIRS, da ke sama tun 2011, tana hango wutar gaz da dare, da ita Bankin Duniya ke yin ƙiyasinsa. Tauraron Turai mai suna Sentinel-5P, da aka harba a 2017, yana bin sawun metan. Hamada ma ta fi sauƙin dubawa, domin rairayi mai haske yana mayar da hasken rana yadda na'ura ke so. Ta haka aka gano wata babbar tsiyaya a Hasi Masa'ud ta Aljeriya, wadda ta daɗe watanni tsakanin 2019 da 2020. Agadem ma cikin irin wannan rairayi take.

Sai dai dogara ga tauraro kaɗai cinikin biri a sama ne. Babbar tsiyaya yake gani, ƙarama takan kuɓuce masa, kuma gizagizai da hazon hunturu suna rufe masa ido. Ba ya faɗin abin da makiyayi ya shaƙa a gindin rijiya, ko abin da iska ta kai ƙauye da asuba. Wannan sai na'urar da aka kafa a ƙasa, tana aiki rani da damina. Kuma a ƙasar da ƙurar Sahara ke cika sarari, in ba a auna tun da wuri ba, ran da tari ya yawaita a wani gari, kamfani zai ce hazo ne, jama'a su ce hayaƙi ne, babu alƙalin da zai raba gardama.

Saboda haka abin da ya kamaci magabata a fili yake. A kafa tashoshin awo kewaye da rijiyoyi da matata, su kasance a hannun hukumar muhalli, ba a hannun mai haƙowa kaɗai ba. A sa malaman jami'o'in Yamai da Damagaram da Difa cikin aikin, a gwama abin da suka samu da abin da tauraro ya hango da kuma littattafan gidajen likita na yankin. Sakamakon kuma a karanta shi a gidajen rediyo da Hausa da Barbarci da Tubanci da Fulatanci, domin mai shaƙar iskar ya ji. Kuɗin wannan aiki bai taka kara ya karya ba in an kwatanta shi da na bututun Seme, gaz ɗin da aka hana tsiyaya kuwa dukiya ce da ake iya sayarwa. Allah ya sa magabata su duba.